Tallar 'yan kwikwiyo da 'yan mage a zauren nan: ina iyayensu mata suke?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da ƙorafi, kuma a gaban kowa nake so in yi shi don kada a ce na bi ta bayan fage. Kwanan nan tallar 'yan mage da 'yan kwikwiyo ta fi ta kaji da tumaki yawa a zauren nan. Ban ƙi kowa ya nemi halalinsa ba. Abin da ya dame ni shi ne duk hoton da aka ɗora jaririn ne kaɗai, a kan kafet ko a tafin hannu, an ɗaura masa ɗan ƙyalle a wuya. Ba a taɓa nuna uwar ba. Jiya wani ya sa 'yan mage, ya rubuta da hannunsa cewa satinsu 4, a zo a ɗauka yau. Sati 4, ko yaye ba su isa ba. Ina roƙon shugabannin zaure su sa sharaɗi: duk mai talla ya nuna uwar da inda take kwana, ya faɗi ranar haihuwa, ya nuna katin rigakafi. Wanda ba zai iya ba ya kai tallarsa wani wuri.

Abba Zariya: Wa alaikumus salam. Anti, riga ni kawai kika yi. Na ga tallar, ɗaya daga cikinsu idonsa duk kwantsa ce.

Nura Kaduna: Hajiya, da girmamawa, amma kin yi mana kuɗin goro. Ni sana'ata ke nan, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Ina da karnuka jinsin Boerboel da na Jamus, kuma duk wanda ya taɓa saye a hannuna ya san yadda nake riƙe su. Dalilin da ya sa ba ma nuna gida ba ɓoyayye ba ne, tsaro ne. Ka nuna wa duniya inda karnukanka suke, gobe a jefo musu nama mai guba ko a haura a kwashe 'ya'yan. Sannan mai saye ne ke matsawa. Ka ce masa ya jira su cika sati 8, sai ya ce ya ga wani a Instagram da zai ba shi yau. In ka riƙe su kana ciyarwa, kowa ya san yadda buhun abincin kare ya koma. Wa zai biya ni?

Maman Iman: Malam Nura, ban kira sunanka ba, kuma ban ce kowa ya rubuta adireshi ba. Bidiyon karya tana shayar da 'ya'yanta ba ya nuna lambar gida. In tana da ƙiba da tsabta, ai talla ce ma a gare ka.

Dakta Hauwa: Bari in sa baki, don a teburinmu, mu likitocin dabbobi, ake ƙarasa wannan cinikin. Maganar sati 8 ba ƙa'idar Turawa ba ce da aka ɗauko don ado. Jariri yana samun garkuwar jiki daga dakashin uwarsa, kuma garkuwar nan tana raguwa a hankali. Allurar farko ana yin ta tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai wajen sati 16. Ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3. Wanda aka raba da uwarsa yana sati 4 ya rasa nono, bai kai allura ba, an sa shi a kwali an ɗora a motar haya daga Jos zuwa Kano cikin rana, ya sauka a gidan da bai sani ba an ajiye masa madarar gwangwani. Da me zai yi yaƙi da cuta?

Abin da ya fi kashe 'yan kwikwiyo a wurinmu shi ne wata cuta da ake kira fabo. Amai da zawo mai jini mai wari, cikin kwana kaɗan jiki ya bushe. Mugun abin game da shi, daga kamuwa zuwa bayyana yakan ɗauki kwanaki, don haka ranar ciniki kwikwiyon na tsalle lafiya lau. Ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa da jikin keji. Gidan da ta shiga, in ba a wanke da bilic an bar wurin ya huta ba, haihuwa ta gaba ma ita za ta kwashe.

Amma ni uwar ta fi damuna, don ita ba mai kawo ta asibiti sai ta kusa mutuwa. Karya takan nemi barbara kusan sau 2 a shekara, cikinta wajen kwana 63 ne. Mai son kuɗi ba ya tsallake ko sau ɗaya. Ta gama shayarwa, jiki bai dawo ba, an sake haɗa ta. Ana kawo mana su haƙarƙari a waje, nono ya kumbura da mugunya, wata tana karkarwa saboda sinadarin ƙashi ya ƙare a jininta. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau 4, ko wadda aka haɗa kafin ta cika shekara 1, ko wadda ta kai shekara 8. A nan sai ta daina ɗaukar ciki ake ƙyale ta, ƙyalewar kuma kun san irinta.

Nura Kaduna: Likita, duk abin da kika faɗa na fabo gaskiya ne, ya taɓa shigar mini. Amma masu yin abin nan ba mu ba ne, dillalai ne. Yaro ba shi da ko kare ɗaya, sai waya. Ya ɗauki hoton wani ya ɗora, in an biya ya je ya sayo mafi arha ya turo. Su ne suka lalata farashi, su ne suke sayar da jinjirai.

Dakta Hauwa: To ai sharaɗin Maman Iman su zai fara kamawa, Malam Nura. Dillali ba shi da uwar da zai nuna.

Ummi: Ni abin ya faru da ni. Na sayi magen Farisa mai farin gashi a wurin wani mai talla, kuɗin ya fi albashina na wata. A bakin titi muka haɗu, ya miƙo ta cikin kwando. Tun ranar idonta ke zubar da ruwa har yau, gefen hancinta ya yi baƙi, in tana barci kamar babban mutum ke minshari. Da na koma masa sai ya ce haka jinsinsu yake, wai alamar ta asali ce. Ina sonta sosai wallahi, amma ganin yadda take numfashi da zafin nan yana sa ni kuka.

Dakta Hauwa: Ƙanwata, abin takaicin shi ne bai yi miki ƙarya duka ba. Haka aka mayar da jinsin. Magen Farisa ta da tana da hanci kamar kowace mage. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓar masu gajeren hanci suna haɗawa, saboda su ake yabawa a wurin gasa kuma su mai saye ke so, har fuskar ta shafe. Ƙashi ya gajarce, amma naman ciki bai ragu ba, sai ya cunkushe hanyar iska. Hanyar da hawaye ke bi ya sauka hanci ta lanƙwashe, shi ya sa yake gangarowa a fuska. Haƙora ba sa hawa kan juna daidai. Kan jariran kuma yana da faɗi, haihuwa takan yi wuya. Bayan haka akwai ciwon ƙoda na gado da ke bin jinsin, wanda binciken da aka yi a ƙasashe da dama kafin gwaji ya yaɗu ya samu a jikin kusan ɗaya cikin uku. Ba ya nunawa sai magen ta girma. Mai kiwo na gaskiya yana gwada iyaye kafin ya haɗa su. Ku tambayi masu talla a nan ko sun taɓa jin gwajin.

Akwai kuma mai naɗaɗɗen kunne, 'yar asalin Sikotland, da ta fara shigowa. Abin da ya naɗe kunnen lalurar guringuntsi ce, kuma ba a kunne kaɗai ta tsaya ba, tana cikin gaɓoɓin ƙafa da wutsiya. Zaman nan da take yi kamar mutum ana ɗauka a bidiyo, sau da yawa ciwo ne ya sa. Tun farkon shekarun 1970 masu rajistar maguna a Birtaniya suka daina karɓar ta.

Ki riƙa goge mata ido da auduga da ruwan ɗumi kullum, ki taje gashin kada ya cukurkuɗe, ki ajiye ta ɗaki mai sanyi da rana. Kada ki ba ta farasitamol ko da rabin ƙwaya, yana kashe mage. Kuma don Allah kada ki haɗa ta.

Alhaji Garba: Ni dai ina ta karatu ina mamaki. A ƙasar da yara ke kwana da yunwa, asibitin mutane ba magani, mu muna nan muna lissafin haihuwar karya. Wannan damuwar masu ƙoshi ce. A bar mutane su nemi abinci.

Maman Iman: Alhaji, Allah ya ƙara girma, zauren kiwo ne nan, maganar dabba ce ta tara mu. Kuma ba mai yunwa ba ne ke sayen mage da albashin wata. Masu ƙoshin ne suka ƙirƙiri kasuwar, su nake wa magana.

Malam Habibu: Alhaji, tausayin dabba ba ya rage na mutum, kuma ba daga waje aka kawo mana shi ba. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. A duba lafazin da kyau, tsarewa ce laifin. Wanda ya kulle karya a keji ya ɗauke mata damar neman abinci da inuwa da kanta, duk sun koma wuyansa. A littattafan nan biyu kuma aka ruwaito mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Game da cinikin kansa, tunda ba wanda ya taɓo shi: an yi hani ga kuɗin kare a hadisi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta kawo hanin, ta kuma ce an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, wato na farauta da na tsaron dabbobi da gona. Sahnun, ɗaya daga manyan malaman mazhabar, yana cikin waɗanda suka halatta sayar da irin wannan. Tsaron gida ma malamai da yawa sun shigar da shi, kuma sananne ne cewa shi kansa mai Risala ya riƙe kare a gidansa da buƙata ta kama. Kyanwa kuwa, akwai hadisin Jabir a Muslim da ya tsawatar a kan kuɗinta, amma mafi yawan malamai sun halatta cinikin, sun ɗauki hanin a kan karhanci ko a kan wadda ba ta da amfani. Don haka ba zan ce wa Malam Nura sana'arsa haramun ce ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne ɓoye aibin kaya, da cutar da mai rai.

Nura Kaduna: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka raba tsakani. Nawa na gadi ne, kuma masu sayensu tsoro ne ya kawo su, ba gayu ba. Kowa ya san halin da hanyoyi da unguwannin bayan gari ke ciki.

Ishaya Jos: Malam Nura, wasu tsoro, wasu gayu. Mu a Jos kiwon karnuka ya yi yawa saboda sanyin gari, kusan kowane lungu akwai mai keji a bayan gida. Abin da nake gani shi ne Caucasian. Karen nan na duwatsun Kokeshiya ne, can wajen Jojiya, inda ƙanƙara ke sauka, gashinsa ninki biyu. A Jos ma yana haki. Sai mutum ya saya ya kai Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ya sa shi a kejin ƙarfe mai rufin kwano. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. Wani ya sa masa sarƙa tun yana ƙarami, ba ya fita, ba ya ganin mutane, wai don ya yi zafi. Ranar da sarƙar ta tsinke yaron gidan yake fara kamawa, sai a ce karen ne mugu.

Kuma ku tambaya ina suke ƙarewa. In kare ya tsufa ko ya yi ƙazuwa ko abinci ya gagara, masu sayen karnuka suna zagawa. Akwai kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, nan jiharmu, ana tara karnuka daga jihohin Arewa har da ƙetaren iyaka, a loda su a mota zuwa Kudu. Ba ina zagin abincin kowa ba ne. Ina maganar yadda ake cusa su ne, da kuma cewa ba mai tambayar katin rigakafi a hanyar.

Baba Ɗanlami: Mu 'yan farauta mun gaji karnukanmu tun kakanni. Karen gida ba ya son fanka, ba ya son abincin buhu, kaska ba ta kayar da shi da wuri, ya san daji ya san gida. Yanzu yaro ya raina shi, sai mai takarda. Gadi kuwa, kunnen karen gida ba na wasa ba ne. Ga su nan ana haifa ana zubarwa a bola, kyauta ma ba mai karɓa.

Abba Zariya: Baba ya taɓo inda nake so a je. Muna maganar masu tsada, amma waɗanda suka fi yawa su ne na bola. A unguwarmu duk bayan 'yan watanni sai an tsinci 'yan mage a leda ko a kwali kusa da kwata. Mutum yana son kyanwa saboda ɓera, in ta haihu sai ya sa almajiri ya kai 'ya'yan nesa ya yar.

Dakta Hauwa: Lissafin ba wuya. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6. Cikin wajen kwana 65 ne, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya 3 zuwa 5 galibi. Ba gidan da zai iya riƙe wannan. Maganinsa tiyata ce: a cire wa mace mahaifa, a yi wa namiji fiɗiya, da allurar barci, a hannun likita. Abin da nake roƙo a daina shi ne yi musu allurar tsarin iyali ta mutane. Na san ana yi saboda arha. Tana jawo mugunya ta taru a mahaifa, tana ƙara haɗarin ƙari a nono, ƙarshenta tiyatar da aka guje wa ita za a yi cikin gaggawa, da tsada, kuma ba lallai dabbar ta tashi ba.

Hajiya Asabe: Ni nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Cire mahaifa ba canza halittar Allah ba ne? Ita ma tana da haƙƙin ta haihu.

Malam Habibu: Hajiya, tambayarki a wurinta take, malamai ma sun yi ta. Asali ba a taɓa jikin dabba sai da dalili. Amma Risala ta ce ba laifi a dandaƙe tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ta kawo hani a kan dawakai. Ke nan hukuncin yana bin maslaha da cuta. A kan haka malaman zamani da dama suka ba da fatawar halaccin yi wa maguna in yawansu ya zama cutarwa kuma aikin ba zai azabtar da su ba. Akwai waɗanda suka ƙi, ban ɓoye ba. Sai dai wanda ya ƙi tiyata, ya sani 'ya'yan da za a haifa amanarsa ce. Ba zai ƙi wannan don tsoron Allah ba, sannan ya ɗaure jarirai a leda.

Hajiya Asabe: Ni ban taɓa yarwa ba, Malam, rabawa nake yi. Amma gaskiya masu karɓa sun ƙare.

Alhaji Garba: Maguna da sauƙi. Karnukan da ke yawo fa? Da can hukuma takan fito ta harbe su ko ta sa musu guba, a huta. Yanzu jikana ba ya iya zuwa makarantar asuba shi kaɗai saboda garken da ke kwana a kwatar mahauta. Wannan tausayin ya tsaya a kan wa?

Dakta Hauwa: Alhaji, a nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari cewa jikanka ne farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana, kusan ba a tashi. Inda muka rabu shi ne magani. Kashewa kaɗai an gwada a ƙasashe da yawa bai yi ba, saboda abin da ya tara karnukan yana nan: jini da kayan ciki a kwata, da bola a buɗe. Ka kashe goma, wasu su shigo daga unguwar gaba, waɗanda suka rage su ƙoshi su ƙara haihuwa. Gubar kuma ba ta zaɓe, tana cin karen maƙwabci da aka yi wa allura, da kyanwa, da ungulu.

Abin da ya yi aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, a maimaita duk shekara. Ƙasashen Latin Amurka sun fara haka tare a 1983, kuma a 2019 aka tabbatar Meziko ta rabu da haukan kare da mutane ke ɗauka daga karnuka. A birnin Jaipur na Indiya tun 1994 ake kama karnukan titi a yi musu tiyata da allura a mayar da su inda aka ɗauko su, kuma mutuwar mutane ta ragu ƙwarai a unguwannin da aka yi aikin. Allurar ba sai an je waje ba, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924 tana yin ta. Jihohi da dama sukan yi ta kyauta wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Kuma kowa ya riƙe wannan: in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace, kada a tsaya ga gashin karen da ake ƙonawa a shafa.

Alhaji Garba: Na ji, Likita. Amma wa zai kama su ya yi musu? Ni ban ga mai yi ba.

Anti Larai: Ina bin ku daga Ingila. Kada a ɗauka nan aljannar dabbobi ce, gonakin 'yan kwikwiyo sun yi yawa har sai da aka yi doka. Wata karya ce mai suna Lucy da aka ceto daga irin gonar nan a Wales a 2013, ƙugunta ya lalace saboda zaman keji da yawan haihuwa. Da sunanta aka yi dokar da ta fara aiki a Afrilun 2020: ba dillali ko kanti da zai sayar da kwikwiyo ko ɗan mage da bai kai wata 6 ba, sai dai ka je wurin wanda aka haifa a hannunsa ko gidan ceto. Mai lasisi kuma dole ya nuna maka ɗan tare da uwarsa, kuma ba ya sayarwa kafin sati 8. Faransa ta hana sayar da karnuka da maguna a kanti daga farkon 2024. Kaliforniya ta riga su tun 2019. Duk da haka lokacin korona mutane suka yi rububin saye, farashi ya yi sama, masu fasa ƙwauri suka shigo da jinjirai daga gabashin Turai, wasu har aron karya suke yi su ajiye a falo ta zama uwar bogi. Bayan an koma aiki gidajen ceto suka cika. Don haka in za ku sa sharaɗi, ku ce a ga uwar tana shayarwa ko tana wasa da 'ya'yan, ba tana tsaye a gefe ba.

Barista Sa'adatu: Doka a nan ma akwai, ba ta da haƙori ne. Tsohuwar dokar laifuka da Kudu ta gada, sashe na 495, ta sa wa mai zaluntar dabba ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. Ta Arewa ma tana da sashe a kan haka. Ba a rubuta su da masu kiwon kasuwa a zuciya ba. Amma wanda ya karɓi kuɗinka a kan dabbar da ya san ba ta da lafiya, ko ya ba ka katin rigakafi na jabu, wannan zamba ce, kuma ana iya bin sa. Ku riƙa ajiye hirarku da shaidar tura kuɗi. Ku duba katin ma: sunan likita, sa hannu, kwanan wata, da takardar jikin kwalbar allurar a manne.

Malam Lawal, shugaban zaure: Mun tattauna da sauran shugabanni. Daga yau tallar kare ko mage sai da bidiyon uwa tare da 'ya'yanta, da ranar haihuwa, da hoton kati. Ba a miƙa wa mai saye kafin sati 8. Wanda ba shi ya kiwata ba ya faɗa a fili cewa dillali ne. Sanarwar bayar da 'yan mage ko 'yan kwikwiyon gida kyauta kuma za mu riƙa maƙala ta a sama. Maganar iyakance yawan haihuwa ba mu sa ba, don ba mu da hanyar tabbatarwa.

Nura Kaduna: Na yarda da bidiyo da kati. Sati 8 ma zan yi, amma ku sani farashi zai ƙaru, kuma masu sayen za su gudu TikTok inda ba mai tambayarsu komai. Haihuwa 4 kuwa ban yarda ba. Karyar da ake ciyarwa da kyau tana hutawa tsakani ta fi haka ba tare da ta lalace ba.

Dakta Hauwa: Hutun nan da ka ambata shi ne rabin maganar, Malam Nura. In kana tsallake barbara ɗaya bayan kowace haihuwa, ka fara tana da shekara 2, ka tsaya kafin ta kai 8, lissafinka da nawa ba su yi nisa ba. Tambayata ita ce bayan ta gama. Wa ke riƙe ta?

Nura Kaduna: Tsohuwar Boerboel ɗina tana nan, ita ke kwana a ƙofar ɗakina. Ba zan yi rantsuwa a kan sauran masu sana'ar ba.

Hajiya Asabe: Likita, tawa ta haihu sati 3 da suka wuce. In na yanke shawarar tiyatar, yaushe ya dace, kuma a ina ake yi?

Dakta Hauwa: Ki bari ta yaye su, nono ya ɗan bushe, kamar sati 2 bayan yaye. Amma ki hana ta fita daga yanzu, don mage tana iya ɗaukar wani cikin tana kan shayarwa. Asibitin dabbobi na gwamnati a babban birnin jiha yana yi, asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri ma suna yi. Ki fara zuwa a duba ta a faɗa miki kuɗin, kuma za su ce kada ta ci abinci na wasu awanni kafin aikin. In muzurun naki ne, ki haɗa da shi, nasa aikin ya fi sauƙi da arha.

Abba Zariya: Muzurun ai na unguwa ne gaba ɗaya. In mutum biyar za su haɗa kuɗi ni zan kama shi in kai. Alhaji Garba, in an samu ranar allurar kyauta a jiharku, za ka iya yi wa mai unguwa da sarkin fawa magana a kan karnukan kwatar? Ba za su saurari yaro kamata ba.

Alhaji Garba: Sarkin fawa abokina ne, zan same shi. Amma in aka yi musu allura suka ci gaba da tare wa yara hanya, zan dawo nan da maganata ta farko.